Kwalba nawa kafin riba ta fara: lissafin da nake yi a shagona na Aboabo

Burkina nake sayarwa a Aboabo cikin Kumasi, gero da madara a kwalbar roba, da sanyinta. Ciniki yana tafiya, amma a sana'a irin tamu kuɗin da ke cikin gwangwani da yamma ba ya gaya maka komai, domin na mai gero yana ciki, na mai shago yana ciki, na wuta ma haka. Ɗan yayata da ya karanci akanta shi ya zaunar da ni, ya ce, "Inna, tambaya ɗaya za ki amsa: kwalba nawa za ki sayar kafin ki kai inda ba riba ba faɗuwa?"

Kashi biyu muka raba kuɗin da ke fita. Akwai wanda yake bin kowace kwalba: madara, gero, sukari, kwalbar kanta da murfinta. Da muka raba abin da tukunya ɗaya ke ci da yawan kwalaben da take cikawa, kowace ta tashi a sidi 6. Ina sayarwa sidi 10, ke nan sidi 4 ke saura. Wannan sidi 4 ɗin ita mutane ke kira riba, alhali tana da masu jiranta.

Masu jiran su ne kashi na biyu, kuɗin da za ka biya ko ka sayar ko ba ka sayar ba. A nan ne aikin yake, don yawancinsu ba sa zuwa kullum balle a tuna da su. Haya ita ce babba. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata 6 a gaba, amma kowa a Zango ya san na shekara 2 ake nema, in ka tsaya kawo doka wani ya karɓe shagon kafin la'asar. Na biya sidi 7,200 a dunƙule, kuma tunda an biya an wuce wurin, sai mutum ya riƙa ji kamar kyauta yake zaune. A takarda sidi 300 ne duk wata. Firiza na saye ta 3,600, na ba ta shekara 3, wato sidi 100 a wata. Yarinyar da ke taya ni 600, wuta 350, tikitin hukumar birni da ruwa da shara 100. Jimla 1,450.

Mun ɗan ja da shi a kan abu na ƙarshe. Ya ce in sa wa kaina albashi, na ce wa ya taɓa biyan kansa a shagonsa. Ya ce, "To Inna, ranar da kika kwanta ciwo, wadda za ta tsaya miki kyauta za ta yi?" Na sa 950, jimla ta zama 2,400. A raba da sidi 4, kwalba 600 ke nan a wata. Kwana 25 muke buɗewa, saboda haka 24 a rana. Daga ta 25 ne kuɗi ke fara zama riba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda wannan adadi yake tsalle. A ce madara ta tashi, abin da kwalba ɗaya ke ci ya koma sidi 7 daga 6. Sidi ɗaya tak, amma saura ya zama 3, kuma 2,400 a raba da 3 kwalba 800 ne. Ƙarin 200 a wata, a unguwar da masu sayen ba su ƙaru ba. A 2022, shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba, duk wadda ba ta sake lissafi bayan ta dawo daga kasuwa ba, uwar kuɗinta take ci tana murna da ciniki. Ni dai yanzu ina sake nawa duk lokacin da farashin olonkar gero (gwangwanin awo) ko buhun madara ya motsa.

Lissafin ne ya sa na ƙi wata mai kanti da ta so in riƙa ba ta a sidi 8, kuma kafin in buɗe shago da safe. Sidi 2 ke saura a kowace, sai na sayar da biyu kafin in sami na ɗaya, ga shi za ta kwashe wanda masu sidi 10 za su saya. Daga baya muka daidaita: nakan ƙara tukunya don ita kaɗai, tunda haya da albashi ba sa ƙaruwa saboda wannan tukunyar.

Ɓarna ma na sa ta a ciki. In aka ɗauke wuta madara ba ta jira, kuma wadda ta yi tsami an riga an kashe mata sidi 6, don haka nake ɗora kuɗinta a kan waɗanda suka sayu. Sai kuma lokaci: da azumi kafin a sha ruwa na wuce 24 nesa, amma a Yuni da Yuli, in ruwa ya tsuge garin ya yi sanyi, akwai ranar da ko 15 ba ta fita. Rarar azumi nake zubawa a susu, wato adashi, don ta ɗauki hayar damina, kuma a waɗannan watanni rabin tukunya nake ɗorawa.