Littafin Atisayen Keken Tsere: Mako Bakwai a Hunturun Kano

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana a atisayen hunturun bana. Tseren da ake hari na kilomita 80 ne a kan kwalta, kuma masu fitowa ma'aikata ne da ɗalibai da 'yan kasuwa, waɗanda abin da suke iya yagowa daga mako bai wuce awa shida zuwa takwas ba. Kekunan kusan duk gwanjo ne, masu giya tara ko goma a baya. An rubuta abin da aka gwada da abin da ya ci tura, don kada na baya ya sake faɗawa ramin da na gaba ya faɗa.

Mako na 1 da na 2: sirdi da juya ƙafa

Ba a taɓa maganar gudu ba sai da aka gyara zama. Yadda ake auna sirdi: a tsaya ba takalmi, a jingina da bango, a matse littafi a tsakanin cinyoyi har sama, a auna daga ƙasa zuwa bakin littafin, sannan a ninka abin da aka samu da 0.883. Wanda ya sami santimita 82, tsayin sirdinsa zai kama 72.4, ana aunawa daga tsakiyar ƙusar da hannun feda yake juyawa a kanta zuwa saman sirdi. Wannan mafari ne kawai. Ciwo a gaban gwiwa yawanci alamar sirdi ya yi ƙasa ne. Ciwo a bayan gwiwa, ko ƙugu yana rangaji hagu da dama, alamar ya yi sama. A riƙa gyarawa milimita uku zuwa biyar, a yi fita biyu kafin a sake taɓawa. Idan aka dace, a zagaya sandar sirdin da salatif, don ranar da yaron mai gyara ya kwance ta a san inda za a mayar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne son giya mai nauyi, wai ita ce ta maza. Lissafi ya raba gardama. Taya 700x25 tana cin kamar mita 2.1 a juyi ɗaya. Faranti mai haƙora 50 a gaba da 17 a baya, ƙafa tana juyi 90 a minti, yana ba da kusan kilomita 33 a awa. Faranti 50 da 13 a baya, ƙafa tana juyi 68, gudun ɗaya ne. Bambancin shi ne na biyun yana cinye cinya da gwiwa, kuma lokacin da ayari ya zabura ba shi da abin da zai ƙara. Ba sai da na'ura ake ƙirga juyin ba: a ƙirga sau nawa gwiwar dama ta tashi a daƙiƙa 15, idan 22 ne ko 23 an isa. Makonnin nan biyu an tafi a gudun da mutum zai iya hira ba tare da haki ba: awa ɗaya Talata da Alhamis, awa biyu da rabi ranar Asabar.

Mako na 3: ƙura da sarƙa

Nan ne hunturu ya fara karɓar harajinsa. Sarƙar da aka ɗura wa baƙin mai tana kama ƙura, man da ƙurar su haɗu su zama tamkar dutsen wasa wuƙa, suna cin ƙusoshin sarƙar daga ciki. Mutum yana ganin tana sheƙi yana murna, ita kuwa ƙarewa take yi.

Tsarin da aka tsayar: bayan kowace fita a goge sarƙa da busasshen tsumma ana juya feda baya. Sau ɗaya a mako a wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a bar ta ta bushe sarai, a ɗiga mai mara kauri ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a bari ya shiga na ɗan lokaci, sannan a goge na wajen gaba ɗaya. Man da yake aiki shi ne wanda ba a gani. Kada a bari kananzir ya kai ga boris ɗin tsakiyar wili ko na hannun feda, zai narkar da giris ɗin da ke ciki.

Auna lalacewar sarƙa da rula ma mai sauƙi ne. Tsakanin kowace ƙusa da ta kusa da ita rabin inci ne, don haka idan aka ɗora sifilin rula a tsakiyar wata ƙusa, a sabuwar sarƙa alamar inci 12 za ta faɗa daidai a tsakiyar wata ƙusar. Idan ƙusar ta zarce alamar da milimita ɗaya da rabi, mai giya 11 a baya ya canza sarƙa. Mai tara ko goma zai iya jira har ta zarce da milimita biyu da ɗan abu. Wanda ya ƙi canzawa don tsada zai biya sau uku: tsohuwar sarƙa tana fafe haƙoran baya su yi ƙugiya, ranar da aka saka sabuwa sai ta riƙa tsalle duk lokacin da aka taka da ƙarfi, dole a sayi haƙoran, wani lokaci har da faranti. Ga shi kuma kayan ba a kowane shago ake samunsu ba, kuma sarƙar giya tara ta yi wa haƙoran giya 11 kauri. A ƙirga giyoyin baya kafin a tafi saye.

Ƙarancin kaya ba a kanmu ya fara ba. Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Faris a 2024, da aron keken tawagar Jamus ta shiga tseren cikin fili. Saboda haka mai keken gwanjo kada ya ji kunya, ya dai riƙe abin da ke hannunsa da kyau.

Robar birki ma a duba ta. Tsakuwa da ɓarɓashin ƙarfe suna nutsewa a cikinta, su riƙa kankare bakin wili. Idan an ji "shhh" yayin matse birki, a ciro robar a tsince su da tsinin allura.

Mako na 4: faci, da hutu

An rage aiki da kusan rabi, don jiki a lokacin hutu yake ginuwa. Mai auna bugun zuciyarsa da asuba kafin ya tashi daga shimfiɗa, idan ya ga ya haura abin da ya saba da bakwai ko goma kwana biyu a jere, ya bar keken ya huta.

Faci iri biyu ne, kuma ramin shi ke faɗin laifin wane ne. Huda ɗaya ƙarama: ƙaya ce, ko tsidau, ko siririyar wayar tayar tirela da ta fashe. Kafin a saka sabon tiyub a bi cikin taya da yatsa a hankali, in ba haka ba ƙayar tana nan tana jira. Huda biyu a jere kamar saran maciji: iska ce ta yi kaɗan, aka daki bakin rami, wili ya datse tiyub. Mai nauyin kilo 70 a kan taya mai faɗin milimita 25 ya sa iska tsakanin 80 da 90 a ma'aunin psi. A kan mai 28, tsakanin 65 da 75. Cika taya ta yi tauri kamar dutse ba ya ƙara gudu a kwaltarmu, tsalle kawai keken zai riƙa yi. Wani abin kuma, bakin tiyub ɗin keken tsere siriri ne, irin wanda ake kira Presta, famfon mai faci na bakin titi ba ya kama shi. Kowa ya fito da tiyub biyu, ƙaramin famfo, abin ɓanɓare taya, faci da salushan, da gaɓar sarƙa ta gaggawa daidai da giyarsa.

Mako na 5 da na 6: iska ce tsauninmu

Kano shimfiɗaɗɗiya ce. 'Yan Jos suna da tuddai da tsayin sama da mita 1,200 daga teku. Mu abin da muke da shi iskar hunturu, mai kaɗowa daga arewa maso gabas. Shi ya sa aka koma fita ta titin Haɗeja zuwa wajen Gezawa: a tafi ana fuskantar iska da sauran ƙarfi, a dawo tana turawa. Wanda ya yi akasin haka zai ji daɗin tafiya har ya zarce, ya dawo yana kirga fitilun titi.

Aikin Talata: minti 15 na ɗumama jiki, sai minti takwas da ƙarfi sau huɗu, da hutun minti huɗu a tsakani. Ƙarfin da ake nufi shi ne wanda ba za ka iya faɗin fiye da kalma uku ko huɗu a jere ba. Alamar an yi daidai ita ce na huɗun ya yi gudun na farkon. Yawanci kan ƙone kansu a na farko, na uku ya gagara. Aikin Alhamis: daƙiƙa 30 da ƙarfi sosai, 30 a sassauta, sau goma, a huta minti biyar a maimaita. Wannan shi ne abin da tsere yake yi wa mutum a bayan kowace kwana, kuma a nan ake zubar da waɗanda suka saba da gudu ɗaya tilo.

Asabar kuwa ta jeri ce, kuma ita ta fi komai muhimmanci. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya bisa uku na wahalar iska. Ba wilin da za ka saya ya ba ka wannan. Sabon shiga ya bar tazarar taya guda tsakaninsa da na gabansa, in hannu ya faɗa a rage zuwa taƙi biyu. Ido a kan kafaɗar na gaba da hanyar da ke gabansa, ba a kan tayarsa ba. Na gaba ya ja na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, ya girgiza gwiwar hannu, ya kauce ta ɓangaren da iska take fitowa, ya zame zuwa baya. Wanda ya karɓa kada ya ƙara gudu. Wannan ita ce cutar da ta fi wargaza jeri: mutum ya ga fili a gabansa ya zabura don nuna ƙarfi, wanda ya gama ja yanzu ya kasa kamo wutsiya, jerin mutum takwas ya koma uku-uku.

Abu biyu ke kawo faɗuwa. Na farko shi ne shigar da tayar gaba ta gefen tayar bayan wani. Da ya ɗan kauce wa rami, na bayan ne zai sha ƙasa, na gaban ma bai san an yi ba. Na biyu shi ne cafkar birki a tsakiyar jeri. In gudu ya yi yawa a daina taka feda, ko a ɗan ɗago ƙirji iska ta rage. Na gaba shi ne idon kowa: ya nuna rami da yatsa, ya kaɗa hannu a bayansa idan akwai adaidaita sahu a tsaye ko yashi a bakin kwalta. Idan iska ta gefe take zuwa, jeri yakan karkace ya ci faɗin hanya. A tsere da aka rufe titi wannan daidai ne, amma a hanyar da tifa take bi, a rabu huɗu-huɗu a tsaya a gefe. Ranar da hazo ya yi kauri, ba jar fitila a baya ba fita. Hular kwano kuwa ba a ma tattauna ta.

Ciki da gora

Sanyin safiya yana yaudara. Iskar a bushe take, gumi yana bushewa kafin a gan shi, mutum bai ji ƙishi ba sai kai ya fara sarawa. A auna nauyi kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo ɗaya da ya ɓata kamar lita ɗaya ce ta ruwa. Ma'auni shi ne rabin lita zuwa gora guda mai mililita 750 a kowace awa, ana kurɓa duk minti 15. Haɗin da aka zauna a kai: a gorar 750, sukari cokali uku na cin abinci, gishiri rubu'in ƙaramin cokali, da matsin lemon tsami. In sukarin ya wuce haka ciki yakan kumbura.

Fitar da ta haura awa ɗaya da rabi tana buƙatar giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa. Ayaba ɗaya da dabino huɗu ko biyar sun kai. A cire ƙwallon dabinon tun a gida, a fara ci tun minti 40 na farko. Wanda ya jira sai ya ji yunwa ya makara: ƙafa za ta mutu a kilomita 60, giyar da ta fi sauƙi ma ta zama kaya. Da yake ana fita da an idar da sallar Asuba, ba lokacin da kalaci mai nauyi zai narke, don haka abincin dare shi ne man tafiya, tuwo ko shinkafa a ƙoshi. Da safe koko da burodi ya isa. Ƙosai da duk abin da aka soya a bari sai an dawo, a haɗa da fura da nono.

Wandon keke mai soso ba a saka masa gajeren wando a ciki, ɗinkin ne yake goge fata ya zama maruru. Mai jin nauyin fita da matsattsen wando ya ɗora sakakke mara nauyi a sama. A cire shi da an dawo, a wanke a ranar.

Mako na 7

Saura kwana goma. Ba ƙarfin da za a ƙara yanzu, sai dai gajiya, don haka za a rage tsawon fita da rabi a bar 'yan zabura gajeru don ƙafa ta kasance a farke. Duk canjin sarƙa, taya ko wayar giya a yi shi a wannan makon, a gwada sau biyu. Sabuwar waya tana saki a kwanakin farko, giya ta fara tsallake haƙori. Ranar tsere ba sabon takalmi, ba sabon abinci, ba taɓa sirdi. A ɗumama jiki minti 20, a tsaya a kashin gaba na ayari tun daga layin tashi, domin na baya shi ke cin birki a kowace kwana, shi ke kuma zabura don cike giɓin da wani ya bari.

Asabar mai zuwa za a yi gwaji na kilomita 50 a jeri, da sauyin na gaba duk daƙiƙa 40. Kowa ya zo da rula, za a auna sarƙoƙi kafin a tashi.