Ba kowane ciwon baya ne sanyi ba

A nan Damagaram dattijo na cewa ƙafafu sun yi nauyi sai a ce sanyi ne, ko ƙashin baya ya danne jijiya, wasu ma su ce jifa. Amma akwai wata cuta, jijiyar jini ce ke haɗewa da wata ba bisa ƙa'ida ba kusa da laka, jini ya taru lakar ta kumbura, ta fi kama maza 'yan sama da 50. In mutum ya yi tafiya abin ya ƙaru, fitsari ya fara gagara. Abin haushi allurar kortizon da ake saurin yi ma tana iya tsananta shi. Rediyon ƙashi ba ta nuna shi, sai hoton IRM (na'urar asibiti mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu), ko da kuwa sai an kai Yamai, tunda in an gano da wuri ana toshe jijiyar.