Haƙorin da aka dasa mini, da dasashin da na yi wa sakaci

Na shafe fiye da shekara goma ina ganin jini a bakina ba tare da na ɗauke shi a matsayin ciwo ba. Kullum da asuba, idan na tsuguna alwala a tsakar gidana da ke Bauchi na kurkure baki, ruwan da nake tofarwa yakan fito ja-ja, kuma kan aswakina yakan rine kafin in gama gogawa. Abin da nake gaya wa kaina shi ne na cika danna aswakin da ƙarfi. Babu zafi, babu kumburin da zai hana ni zuwa makarantar da nake koyarwa, mu kuwa a wajenmu abin da bai hana mutum cin tuwo ba da wuya a kira shi ciwo.

Maiɗakina ce ta fara yi mini magana. Wani dare bayan yara sun kwanta ta sassauta murya ta ce, "Malam, don Allah kada ranka ya ɓaci, bakinka ya canza, kuma ba na jin goro ne kaɗai." Na ji nauyin maganar ƙwarai, domin mutumin da sana'arsa tsayuwa ce a gaban ɗalibai yana magana ba ƙaramin abu ba ne a ce masa yana da warin baki. Sai dai maimakon in nufi asibiti, sai na koma tauna kanumfari da kurkure baki da ruwan bagaruwa. Warin yakan lafa na ɗan lokaci, jinin ma yakan ragu, ni kuma sai in ɗauka na warke.

A daminar 2022 na sayi gasasshiyar masara a bakin kasuwar Wunti, ina kai cizo na farko sai na ji wani turmi na ƙasa ta gefen hagu ya motsa a gurbinsa kamar turken da ruwa ya jiƙa ƙasarsa. Kwana biyu bayan haka gefen fuskata ya kumbura, mugunya tana fita ta gindin haƙorin idan na danna. Likitan haƙoran da na gani a Bauchi ya duba hoto ya ce haƙorin ba shi da kogo ko kaɗan, lafiyarsa ƙalau, amma ƙashin da ke riƙe da shi ne ya tafi, don haka babu abin yi sai cirewa. Kafin ya cire ya sa aka gwada jinina, a nan ne kuma na fara sanin ina da ciwon suga. Ya rubuta mini takarda zuwa ga wani likita a Kano wanda ya ƙware a kan ciwon dasashi da dashen haƙori, ya ce idan ban je ba sauran haƙoran za su bi sahun wannan ɗaya bayan ɗaya.

Na bi hanyar Ningi da Birnin Kudu na isa Kano da buri guda a raina, wato a cike mini giɓin nan da haƙorin dashe in dawo gida. Likitan ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ɗauko wani siririn ƙarfe mai alamun awo a jikinsa, ya shiga zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, wuri shida a kowane haƙori, yana faɗin lamba ma'aikaciyarsa tana rubutawa. A haƙoran gaba na ji yana cewa biyu, uku, biyu. Da ya kai turame sai lambobin suka koma biyar, shida, bakwai, kuma duk inda ƙarfen ya taɓa jini yana biyo shi. Ya bayyana mini cewa a baki mai lafiya zurfin wannan ramin ba ya wuce milimita 3, kuma abin da ya haura haka ya zama aljihun da buroshi da aswaki ba sa iya kaiwa ƙarshensa. Dattin abinci da ƙwayoyin cuta ne ke taruwa a bakin dasashi, idan ba a goge su ba sai su daskare su zama kanta mai tauri kamar dutse, dasashin ya kumbura yana jini, daga nan kumburin ya gangara ya shiga cin ƙashin muƙamuƙi. Matakin farko, na jini kawai, yana warkewa sarai idan an tsabtace. Ƙashin da ya riga ya tafi kuwa ba ya dawowa da kansa.

Da ya haska mini hoton muƙamuƙina na ga yadda ƙashin ya janye ya bar saiwoyin haƙora a tsaye rabi a waje, abin da ya zo mini a rai shi ne gidajen da na gani a bakin kwari a Gombe, inda zaizayar ƙasa ke cinye ƙarƙashin gini alhali katangar tana nan da fentinta. Na ce masa, "Likita, to yaushe za a dasa?" Ya ce, "Malam, yau ba za mu yi maganar dashe ba. Ƙwayoyin cutar da suka cinye ƙashin wancan haƙorin suna nan a bakinka, kuma za su ci ƙashin da ke jikin abin da zan dasa maka." A lokacin na ji kamar ya tsawaita mini wahala, amma yanzu ina ganin wannan ƙin da ya yi shi ne mafi alherin abin da aka yi mini a duk jinyar.

An yi wankin a zama biyu, gefe ɗaya a kowane zama, bayan allurar kashe zafi. Akwai na'ura mai ƙara da fesa ruwa da ke farfasa kantar, akwai kuma ƙananan ƙarafa masu lanƙwasa da ake kankare jikin saiwar da su a can ƙarƙashin dasashi. Ma'aikaciyar ta nuna mini abin da aka ciro a kan auduga, ɓarɓashi baƙi-baƙi kamar ƙanzon da ya ƙone a gindin tukunya. Kwanakin da suka biyo baya haƙorana sun yi kamar sun ƙara tsawo, 'yan ƙofofi suka bayyana a tsakaninsu, ruwan randa kuma yana shiga mini har ƙwaƙwalwa. A nan na gane inda maganar da ake yi a gari ta samo asali, cewa wai wankin haƙori a asibiti yana raunana haƙori. Abin da ke faruwa shi ne kanta da kumburi ne suka rufe ɓarnar da aka riga aka yi, idan aka kawar da su sai ɓarnar ta fito fili. Jin sanyin ya ragu cikin 'yan makonni da man goge baki na musamman da aka rubuta mini. An kuma ba ni ruwan kurkure baki na mako biyu kawai, domin idan aka daɗe ana amfani da shi yana rina haƙora.

Batun suga ya fi wankin wahala a gare ni. Likitan ya ce ciwukan biyu suna ciyar da juna, suga mai yawa a jini yana hana dasashi warkewa, kumburin dasashi kuma yana sa suga ya ƙi sauka. Akwai gwajin da ke nuna matsakaicin sugan mutum na kimanin wata uku, nawa ya nuna 9, shi kuwa ya ce ba zai taɓa ƙashina ba sai ya sauko kusa da 7. Na bar zaman teburin mai shayi da safe, na daina zuba suga a fura, na riƙe maganin da likitan suga ya ɗora ni a kai, na kuma koma takawa da ƙafa zuwa makaranta. Ya tambaye ni ko ina shan taba, na ce a'a, ya ce da ina sha da sai na bari tukuna, domin taba tana ɓoye jinin dasashi kuma tana daga cikin manyan abubuwan da ke sa dashe ya ƙi kamawa.

Bayan mako takwas aka sake awon. Yawancin wuraren da suka nuna biyar da shida sun koma uku da huɗu, jinin kuma ya tsaya. A ranar ce na fara kurkure baki a alwala ina duban ruwan da gangan, na ga ya fito fari tas.

Sai da sugan ya sauka aka shiga shirin dashen. An ɗauki hoto mai nuna kauri da zurfin ƙashi ta kowace fuska, saboda akwai jijiya da ke ratsa muƙamuƙin ƙasa wadda idan aka taɓa ta leɓe yana iya daina jin taɓi. Ƙashin wajen giɓin ya sirance, don haka sai an ƙara masa garin ƙashi. A nan na yi tambayar da nake ganin ya kamata kowane Musulmi ya yi, wato daga ina ake samo wannan gari da fatar da ake rufe shi da ita. Ya gaya mini gaskiya cewa wasu daga shanu ake samo su, wasu daga alade, wasu daga jikin mutumin da kansa, wasu kuma haɗin masana'anta ne, muka tsaya a kan na masana'anta. Abin da ake dasawar kuwa wata 'yar ƙusa ce mai zare da aka yi da ƙarfen titaniyam, wanda ƙashi ke mannewa da shi har su zama kamar abu ɗaya. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, shi ya lura da wannan hali na titaniyam a gwajin da yake yi a ƙashin zomo, kuma a 1965 ya dasa wa mutum na farko.

Na zaɓi a yi aikin bayan ƙaramar salla don kada shan magani ya haɗu da azumi. Bai kai awa ɗaya ba, idona biyu, ba na jin zafi sai dannawa da girgizar na'urar da ke huda ƙashin a hankali ana zuba mata ruwa don kada ta yi zafi. Aka ɗaura ƙusar, aka zuba garin, aka ɗinke. Kumburin ya fi tsanani a rana ta biyu da ta uku, na yi mako guda a kan kunu da koko da aka bari suka huce, ina kurkure baki a alwala a hankali ba tare da wasa da ruwan ba. Bayan kwana goma aka cire zare. Daga nan sai jira na wata huɗu da giɓin a bakina, kafin a gwada a tabbatar ƙusar ta kama, a ɗauki awon baki, a ƙera kan haƙorin a ɗaura shi. Daga ranar masara zuwa ranar da na sake tauna a gefen hagu an haura shekara guda.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Sai da na kwashi adashi na kuma sayar da raguna biyu da nake kiwo, ban da kuɗin motar zuwa Kano. Saboda haka idan abokan aiki suka tambaye ni nakan gaya musu cewa dashe ba dole ba ne ga kowa, akwai haƙorin roba na sawa da cirewa, akwai kuma wanda ake ratayawa a jikin haƙoran da ke maƙwabtaka da giɓin. Wanda kuɗinsa bai isa abu biyu ba, ya kashe shi a kan wankin dasashi, domin shi ne zai tsare masa haƙoran da suka rage. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan ɗaya ne ke da ciwon dasashi mai tsanani, kuma ba na shakkar cewa da yawa daga cikin waɗanda muke sahu ɗaya da su a masallaci suna ganin irin jinin da na gani.

Haƙorin dashe ba ya yin kogo, amma dasashin da ke kewaye da shi yana kamuwa, kuma da yake ƙarfe ba shi da jijiyar da za ta yi gargaɗi, ɓarnar tana iya yin nisa mutum bai sani ba. Don haka ban bar aswaki ba, sunna ce kuma yana tsabtace fuskar haƙora, sai dai na gane ba ya shiga tsakaninsu. Safe da dare ina yin minti biyu da buroshi mai laushi, ina karkata shi zuwa bakin dasashi, sa'an nan in bi kowace ƙofa da ɗan ƙaramin buroshin da ake zurawa tsakanin haƙora, wanda ya maye mini gurbin tsinken sakace. Duk wata uku ina komawa wajen likitan Bauchi a yi wanki da awo.

A watan jiya na kwana a gidan yayana a Gombe. Da asuba muna alwala gefe da gefe na ga kan aswakinsa ya rine. Na ce, "Yaya, tun yaushe kake ganin wannan?" Ya ce ai ya daɗe, kuma ba ya masa zafi. Ban tafi ba sai da na raka shi wajen likitan haƙora a ranar Litinin, na zauna a gefe ina sauraron lambobin da ake faɗi. Mafi zurfi a cikinsu biyar ne, babu haƙorin da ke motsi, kuma an ba shi ranar wanki na farko da takardar gwajin suga.