Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Matan Ruwan Hoda da Kore

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda aka ba ni ɗaki a jami'ar Howard da ke Washington, aka haɗa ni da wata 'yar Atlanta wadda bakinta ba ya shiru.

To, a zango na biyu sai baiwar Allah ta yi tsit. Ta fita da yamma, ta dawo tsakar dare, in na tambaya ta ce karatu. Ran nan ta ce lallai in zo filin tsakiyar makaranta bayan la'asar. Na tarar da wuri ya cika maƙil. Can sai ga 'yan mata sun fito a jere, gajeru a gaba, dogaye a baya, sun yi anko na ruwan hoda da kore, fuskoki a rufe. Suna buga ƙafa a ƙasa, suna tafi, suna jero sunayen waɗanda suka kafa ƙungiyarsu. Ana yaye fuskar kowace, sai manyan mata su saki wani siririn ihu mai kama da guɗa. Cikin waɗanda aka yaye har da mutuniyar tawa. Ashe ta shiga Alpha Kappa Alpha, wata ƙungiyar ɗalibai mata.

Da na ba Umma labari a waya, salati ta fara yi. "Ke, ƙungiyar asiri ce wannan. Ba abin da muka tura ki yi ke nan ba." Ban ga laifinta ba, don abin da ta sani shi ne 'yan asirin jami'o'inmu masu sara da adda. Kuma gaskiya suna da sirrinsu: abin da ake yi ranar rantsuwa ba wanda zai gaya miki. An kuma sha kuka da azabtar da masu neman shiga irin waɗannan ƙungiyoyi, har manyansu suka haramta tsohon tsarin a 1990.

Kakar abokiyar tawa ce ta zaunar da ni. Daga Atlanta ta taso don bikin, tsohuwa tukuf da sanda, amma ga 'yar alamar ganye mai ƙananan lu'ulu'u 20 maƙale a ƙirjinta. Ta ce ranar 15 ga Janairun 1908 aka kafa ƙungiyar a nan Howard, da jagorancin wata ɗaliba, Ethel Hedgeman. Ƙungiyar ce ta farko irinta ta baƙaƙen mata, a zamanin da takwarorinta na fararen fata ba su karɓar baƙa. A 1913 wasu 22 suka ɓalle suka kafa Delta Sigma Theta masu jan kaya, har yau kuma ana zolayar juna. Kamala Harris ma, tsohuwar mataimakiyar shugaban Amurka, a Howard ta shiga Alpha Kappa Alpha.

Inda muryarta ta canza shi ne labarin jihar Misisipi. A 1935 wata likita daga cikinsu, Dorothy Ferebee, ta kwashi ma'aikatan jinya da malaman makaranta a motoci zuwa gundumar Holmes, inda baƙaƙe ke ƙwadago a gonakin auduga, da yawansu ba su taɓa ganin likita ba. Suka buɗe wuraren duba marasa lafiya, shiru ba kowa, ashe masu gonakin ne suka hana mutanensu fita. Sai matan suka loda magani a motocin, suka riƙa bi gona-gona, suna yi wa yara rigakafin agana da mashaƙo a gindin bishiya da harabar coci. Duk bazara haka suka yi ta komawa, sai yaƙin duniya na biyu ya tsayar da aikin a 1942. Na ce, "Kaka, ku ma kun je?" Ta yi dariya ta ce lokacin ko rarrafe ba ta fara ba.

Litinin ta uku a Janairu, ranar tunawa da Martin Luther King, jagoran neman 'yancin baƙaƙen Amurka, mutane da dama kan fita aikin sa-kai. Da shekara ta zagayo na bi 'yan ƙungiyar wani ɗakin taro inda ake haɗa ƙunshin abinci don 'yan firamare da iyayensu ba su da hali. An jera tebura, ni ke saka gwangwanin wake, ta kusa da ni madarar kwali, ta ƙarshe ta ɗaure. Wadda ke ƙirga jakunkunan alƙaliya ce mai ritaya, ta ɗaura rigar leda a kan kayanta masu tsada, tana faɗa in an tsallake gwangwani ɗaya. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Mu ƙungiyar makaranta kan mutu ranar da aka karɓi takardar shaida, su kuwa har tsufa suna biyan kuɗin shekara, suna zuwa taro, suna biya wa 'ya'yan wasu kuɗin karatu.

Ni dai ban shiga ba. Kuɗin shiga ya fi ƙarfin ɗan tallafin da nake samu, ga kuma maganar Umma, ni kuma ba na rantsuwa a kan abin da ban gani ba. Abokiyar tawa ta ɗan yi fushi, ya wuce. Ana cikin haka azumi ya kawo kai, na farko da zan yi ba a gida ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.