Idan netwok ya ɗauke bayan an danna "Aika"

Manhajar lissafin ciniki da aka gina a ofis mai Wi-Fi da inbata, ba a sanin ingancinta sai ta shiga layukan Kantin Kwari da tsakar rana, lokacin da kasuwa ta cika, sabis yana zuwa yana ɗaukewa.

Ga yadda abin yake faruwa. Yaron shago ya shigar da cinikin bandir biyar na shadda, ya danna "Aika". Saƙon ya isa sabar, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan manhajar ta intanet, an rubuta shi a rumbun bayanai, amma amsar da za ta dawo wa wayar ta maƙale a hanya. Waya ta ce ba a yi nasara ba, shi kuma ya sake dannawa. Da yamma maigida ya duba, manhaja ta ce bandir goma sun fita, kuɗin biyar ne a ƙasa. Yaron ake tuhuma, wanda ya rubuta kod ɗin kuwa yana gida abinsa.

Masu rubuta kod da yawa suna kashe maɓallin bayan dannawar farko su ce an gama. Hakan bai wadatar ba, domin da an rufe manhajar an sake buɗewa, maɓallin ya dawo. Abin da ke aiki shi ne kowane ciniki ya samu lambar shaidarsa da babu mai irinta, wato UUID, kuma wayar ce za ta ƙirƙire ta tun lokacin da aka buɗe fom, ta ajiye ta tare da cinikin. Ko sau goma aka tura, lambar ɗaya ce. A rumbun bayanai sai a sa wa ginshiƙin wannan lamba sharaɗin UNIQUE, wato kada lamba ɗaya ta shiga sau biyu. A rumbun bayanai na PostgreSQL, umarnin ON CONFLICT DO NOTHING zai hana rubutu na biyu, sabar kuma ta mayar da amsar nasara irin ta farko. Kada a dogara da "a duba ko akwai, in babu a rubuta" a cikin kod kaɗai: saƙo biyu na iya isowa a lokaci guda, kowanne ya duba ya ga babu, duka su shige.

Ciniki ya fara sauka a SQLite, ƙaramin rumbun bayanai na cikin wayar, sannan WorkManager, mai gudanar da aikin bayan fage a Android, ya tura shi idan sabis ya samu. Jinkirin sake gwadawa ya riƙa ninkawa, daƙiƙa 10, 20, 40, don kada a ƙone wa mutane data da caji. A bambanta kurakurai kuma: idan sabar ta mayar da lambar 500 ko 503, matsalar daga gare ta ce, ana sake gwadawa, amma 400 ko 422 na nufin saƙon ne ba daidai ba, maimaita shi wahalar banza ce. Ƙananan wayoyi da yawa suna kashe aikin bayan fage don tattalin batir, saboda haka a nuna wa mai shago adadin cinikin da bai tafi ba, da maɓallin da zai tura da kansa.

Kuɗi kuwa a kobo ake ajiye su, cikakkiyar lamba. Naira 12,500.50 ta zama 1250050. Duk wanda ya haɗa 0.1 da 0.2 a yaren kod na JavaScript ya ga 0.30000000000000004 maimakon 0.3 ya san dalili. Paystack ma, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, a kobo yake karɓar adadi. Agogon waya ba abin yarda ba ne, a rubuta lokacin sabar a UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, a ƙara awa ɗaya wajen nuna wa mutumin Kano.

A ganina, wajen duba aikin juna ne ya kamata a kama wannan. Kafin a haɗe kowane sabon kod a Git, ma'ajiyar kod ɗin masu aikin, mai dubawa ya tambaya: in netwok ya yanke a daidai wannan layin, me zai faru? Gwajin ba shi da tsada. A sayo waya mai RAM 2GB a Farm Centre, a sa wa sabar gwaji jinkirin daƙiƙa biyar kafin ta amsa, a danna "Aika", a kunna yanayin jirgin sama nan take, a kashe, a sake turawa. Sannan a buɗe teburin ciniki a rumbun bayanai a ƙirga layuka nawa suka shiga.