Man hammata da zafin bazara

Ƙauyenmu yana tsakanin Ringim da Taura, kuma duk wanda ya san yankin nan ya san daga watan Maris har faɗuwar ruwan farko rana ba ta wasa. Zafi kan haura digiri 40, mutum ya yi wanka da hantsi, kafin azahar rigarsa ta jiƙe sharkaf. A cikin wannan zafi nake sana'ar haɗa maganin warin hammata, ni da 'yan mata biyu da ke taya ni, sai ƙanina da ke kai kaya kasuwa a kan babur.

Asalin sana'ata turaren wuta ne da humra, a hannun gwaggona na koya. Abin da ya karkato da ni shi ne wata tambaya da mata ke yi mini ƙasa-ƙasa, bayan sun biya kuɗin humra sun leƙa sun ga ba kowa a tsakar gida: "Yaya, ba ki da wani abu na hammata?" Sun riga sun gane cewa zuba turare a kan tsamin gumi ƙara ɓata lamari yake. Da aka cire tallafin man fetur a 2023 kayan kanti suka yi tashin gwauron zabo, na gogawar nan da ake saye a gari ya fi ƙarfin mata da yawa, sai tambayar ta ƙaru.

Haɗin farko a waya na gani: man kwakwa, sitaci, da hodar soda ta masu kek. Cikin hunturu na yi shi, ya daskare fari tas a 'yan robobi, na sayar da shi ina murna. Ranar wata Lahadi a watan Afrilu ƙanina ya ɗauki roba sittin zuwa kasuwar Gujungu. Da la'asar ya dawo da su, jakar tana ɗigar mai. Na buɗe guda ɗaya, sitacin ya kwanta a ƙasa kamar ƙullu, mai yana yawo a sama. "Yaya," in ji shi, "wannan kayan na masu sanyi ne, ba namu ba." Gaskiyarsa. Man kwakwa yana narkewa tun daga digiri 24, mu kuwa a bazara ko da tsakar dare ba mu ganin haka. Waɗanda suka tsara haɗin, garinsu daban.

Daga nan na koma kan abin da ke kusa da ni. Man kaɗanya ya fi jure zafi, amma shi ma idan rana ta take yakan saki jiki. Abin da ya riƙe haɗin shi ne kakin zuma, domin sai zafi ya wuce digiri 60 yake narkewa. Masu amya a wajenmu idan sun matse zuma yawanci watsar da saƙar suke yi. Na fara bi ina saye. Ina dafa ta cikin ruwa, in tace da tsohon ɗankwali mai tsabta, in bar ta ta kwana. Da safe kakin ya taru a sama kamar faifai, dattin yana manne a ƙarƙashinsa, sai in kankare da wuƙa. Sau biyu nake yi kafin ya yi hasken da nake so.

Yanzu a kowane giram 100 ina sa man kaɗanya 45, kakin zuma 18, man kwakwa 10, ragowar kuma sitacin rogo da na tankaɗe sau biyu. Idan hunturu ya shigo nakan rage kakin, in ba haka ba man ya yi tauri ya ƙi bin yatsa. Da sikeli nake awo, na daina aiki da cokali tun da na ga cikar cokalina daban da ta yarana. Ba na ɗora mai kai tsaye a wuta. Kwanon silba nake sakawa cikin tukunyar ruwan zafi, kakin ya fara narkewa, sannan man kaɗanya, a sauke, a zuba sitaci ana juyawa ba tsayawa. Ƙamshi kuwa kaɗan ne: kanumfari da nake jiƙawa cikin man kwakwar na mako biyu in tace, wani lokaci da ɗigon sandal. Kanumfari yana da zafi a fata idan ya yi yawa, don haka ba na sakin hannu.

Akwai halin man kaɗanya da ya daɗe yana ba ni wahala. Idan ya huce a hankali sai ya yi tsaki-tsaki kamar an zuba yashi. Ba ya cutarwa, amma mai saye za ta ce ya lalace. Maganinsa a sanyaya shi da wuri, mu kuma ba wutar da za a dogara da ita balle firji. Shi ya sa aikinmu na asuba ne. Da an idar da salla mu hura gawayi, kafin rana ta fito mun zuba a robobi mun jera su a faranti cikin ruwan randa. A tsakiyar bazara har ƙanƙara nake aikawa a sayo.

Hodar soda kuwa na cire ta gaba ɗaya, kuma dalilin har yau yana ci mini rai. Akwai lokacin da ta yanke mini, wata ta ce ai farar kanwa ma aikinsu ɗaya. Na daka na tankaɗe na zuba, ban gwada a jikina ba. Bayan kwana biyar wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta shigo da jikarta, yarinyar da saura mako uku a ɗaura mata aure. Ta ce, "'Yar nan, dubi abin da manki ya yi." Yarinyar ta ɗaga hannu tana sunkuyar da kai. Fatar ta yi jajir, gefe ya fara saɓulewa. Na ce, "Inna, laifina ne, ku yafe mini." Na raka su asibiti, na biya magani, washegari na bi gida-gida na karɓo sauran robobin na mayar wa kowa kuɗinta. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba ta ita ta yi mini bayani: fatar mutum tana da ɗan tsami-tsami na halitta wanda ke kare ta, kanwa kuwa kishiyar tsami ce mai ƙarfi, sai ta cinye wannan kariya. Soda ta fi kanwa sauƙi, amma hanyarsu ɗaya, shi ya sa wasu ke samun ƙaiƙayi da baƙin hammata bayan sun jima suna shafa ta. Allah ya sa yarinyar ta warke kafin biki. Tun ranar, duk sabon haɗi sai na shafa a cikin hannuna kwana uku, yarana ma su shafa, kafin ya fita ƙofar gida.

A wajen wannan ma'aikaciyar na fahimci asalin warin. Gumi shi kansa ba ya wari. A hammata akwai wani nau'in gumi mai maiƙo da ke farawa lokacin balaga, ƙwayoyin halitta da ke zaune a fata su ne ke cin sa su fitar da warin. Gashi yana riƙe danshi ya ba su wurin zama. Malamai sun karantar da mu kada a bar gashin hammata ya wuce kwana arba'in, kuma wallahi rabin maganin yana nan. Duk wadda ta zo saye sai na faɗa mata: wanka da sabulu, a tsane wurin sarai, sannan a lakaci kamar ƙwayar wake a murza. Kada a shafa ranar da aka yi aski. A kuma daina goga lemon tsami, yana ƙona fata, musamman idan rana ta taɓa wurin.

Maza ba su cika son man ba, suna cewa yana ɓata farar shadda, kuma idan aka cika shi da gaske yana bari. Su nake yi wa ruwan alimun, wannan dai da muke jefawa a ruwan rijiya ya kwanta. Alimun ba ya narkewa a mai, sai a ruwa. Ina tafasa ruwa, in narka kamar giram 5 a cikin kowane giram 100, in tace in ɗura a kwalbar fesawa. Idan aka zarce, da ya huce sai ya koma ƙanƙara-ƙanƙara ya toshe bakin kwalbar. Kaɗan-kaɗan nake yin sa, abin da zai ƙare cikin wata guda, domin kayan ruwa ba su da juriyar kayan mai.

Wasu masu irin sana'ata suna tallata alimun da cewa babu sinadarin alminiyom a ciki. Ba haka ba ne, alimun gishirin alminiyom ne, ko da yake ba irin wanda ke cikin na kanti mai toshe gumi ba. Ni ba na faɗin abin da ba shi ba don in sayar da kwalba. Haka nan ba na ce wa kowa kayana na hana gumi. Sitaci yana shan danshi, alimun yana rage ƙwayoyin da ke kawo wari, amma mai surfe ko mai noma sai ya yi gumi, ranar zafi sosai ma sai ya sake shafawa da yamma. Wanda kuma ya zo mini da kumburi a hammata, ko gumin dare haɗe da tari da rama, ba na sayar masa, asibiti nake tura shi.

Babban abin da ya tsaya mini yanzu lambar NAFDAC ce, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Masu kanti a Dutse da Kano sun ga kayan sun yaba, amma ba za su jera abin da ba shi da rajista ba, kuma ban ga laifinsu ba bayan abin da ya faru a hannuna. Rajistar tana son ɗakin aiki na musamman, ba tsakar gida ba. Na shiga adashi saboda haka, an riga an buga bulo ɗari uku suna jingine a bayan ɗakin girki. Kafin nan dole in tara kakin da zai kai ni ƙarshen damina, domin da ruwa ya sauka masu amya sun koma gona. Jiya ƙanina ya kawo buhu biyu na saƙa, suna nan a zaure ƙudan zuma na ta kewaya su, gobe da asuba za mu ɗora tukunya.