Abin da na'urar awon jini ba ta faɗa game da zuciyar mai rauni

Wani dare aka shigo mana da wani saurayi ɗan acaba da mota ta buge, bayan an yi masa tiyata an cire saifarsa da ta fashe. Na'urar awon jini tana nuna 118 bisa 76, adadin da kowane ɗalibin likitanci zai ce lafiya lau ne, amma da na taɓa ƙafafunsa sai na ji su da sanyi kamar an tsamo su daga randa, kuma jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado ba ta tara abin a zo a gani ba cikin awa biyu. Babbar ma'aikaciyar jinyarmu, wadda ta girme ni nesa a wannan aiki, ta ce, "Likita, kada lambar nan ta ruɗe ka."

Gaskiyarta kuwa. Jikin matashi yana iya rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na jininsa kafin awon ya faɗi, domin jijiyoyi suna matsewa su riƙe ƙarfin, kamar yadda mai ban ruwa yake danne bakin tiyo ruwa ya yi tsiri alhali abin da ke fitowa kaɗan ne. Abin da ƙoda da hanji suke bukata shi ne yawan jinin da zuciya take turowa, wanda a jikin baligi mai lafiya yake kai kimanin lita 5 a minti ɗaya.

A shekarar 1970 ne wasu likitoci biyu, Jeremy Swan da William Ganz, a asibitin Cedars-Sinai na Amurka, suka fito da siririyar roba mai ɗan balan-balan a baki, wadda ake zurawa ta babbar jijiya ta ratsa ɓangaren dama na zuciya har jijiyar huhu, daga baya kuma aka ƙara dabarar tura ruwan sanyi ta cikinta, a lissafa yawan jinin daga yadda sanyin ya gushe. Da lambobi suka samu, sai likitoci suka shiga binsu. A 1988 wani likitan tiyata, William Shoemaker, ya ba da shawarar a tura aikin zuciya sama da na mai lafiya ta hanyar ƙarin ruwa da magunguna, kuma daga baya aka ga yadda yawan ƙarin ruwa yake kumbura hanjin masu rauni har ciki ya matse ƙoda da huhu. Babban gwajin da aka wallafa a Birtaniya a 2005 bai nuna cewa robar tana rage mace-mace ba. A ganina laifin ba nata ba ne, domin awo ba magani ba ne, kuma an riƙa bin adadi ba tare da an tambayi mene ne amfaninsa ga wanda ke kwance ba.

Tambayar da nake yi yanzu guda ɗaya ce: idan na ƙara masa ruwa ko jini, zuciyarsa za ta ƙara turowa? Kusan rabin marasa lafiyan sashen kula da masu tsananin ciwo irin namu ne kawai amsarsu take zama e, sauran kuwa ruwan yana iya tafiya huhu. Akwai gwaji mai sauƙi na ɗaga ƙafafu zuwa digiri 45, wanda yake mayar da kimanin mililita 300 na jini zuwa ƙirji, a duba ko abin da zuciya take turowa ya ƙaru da kashi 10, sai dai ba a yin sa ga wanda ya karye a ƙugu ko ya bugu a kai, kuma irinsu ne suka fi yawa a wurinmu.

Saurayin nan dai na'urar sikanin muka jawo masa. Zuciyarsa tana bugawa da sauri, ɗakunanta kusan wayam, babbar jijiyar da ke dawo da jini ta lanƙwashe, amma babu sabon jinin da ke zuba a cikinsa, wanda da an gani, ɗakin tiyata zai koma nan take. Muka ƙara masa jini leda biyu, muna sake dubawa bayan kowace leda. Kafin kiran sallar asuba ƙafafunsa sun yi ɗumi, fitsari ya fara sauka, awon jinin kuwa yana nan kusan inda muka same shi.